Tashoshin Cajin Motoci: A Tsaftace Tushen Wutar Tun Yanzu

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin gwamnatoci da 'yan kasuwa ya ƙara karkata ga motoci da Keke Napep masu amfani da lantarki. Hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun a 2021, ta kuma kafa irinta a jami'o'in Legas da Nsukka. Gwamnatin Borno ma ta fito da motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Muna maraba da wannan yunƙuri, domin duk wanda ya taɓa shiga cunkoson Kano ko Kaduna da yamma ya san irin hayaƙin da jama'a ke shaƙa.

Sai dai tsaftar motar lantarki tana rataye ne a kan inda wutarta ta fito. Wutar da ake rabawa 'yan Najeriya sama da miliyan 200 ba ta cika haura megawat 5,000 ba. Mafi yawanta daga iskar gas ake samo ta, ragowar daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. A watan Oktoba na 2024, jihohin Arewa da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Mai tashar caji ba zai rufe kasuwarsa a irin wannan lokaci ba, janareta zai tayar. Idan dizal ne ke cika batirin, hayaƙin da aka kora daga titi ya tare ke nan a tsakiyar unguwa, tare da ƙarar inji dare da rana. An gudu ba a tsira ba.

Ko da akwai wuta, na'urar caji mai sauri guda ɗaya tana jan abin da gidaje da yawa za su sha. In aka ɗora ta a kan tsohuwar taransifomar unguwa, ƙonewa za ta yi, maƙwabta su koma ga nasu janaretocin.

Habasha ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024, kuma ta iya yin haka ne saboda kusan dukkan wutarta daga ruwa take. Mu kuwa arzikinmu rana ce, musamman a Arewa. Rumfunan tashoshin mota da kasuwanni da harabar ma'aikatu sun isa ɗaukar farantan sola ba tare da an sare bishiya ko an cinye filin wasan yara ba.

Sola kuma tafe take da batira, kuma nan ne babbar fargabarmu. Batir mai ɗauke da dalma, idan ya mutu, yakan faɗa hannun 'yan gwangwan su fasa shi a fili, ruwansa ya tsiyaye cikin ƙasa da rijiyoyi. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara. Hukumar NESREA mai kula da muhalli ta fitar da ƙa'idojin kula da batira a 2024, amma ƙa'idar da ba ta isa kasuwar 'yan gwangwan ba ba za ta kare kowa ba. Haka nan zaɓen wuri: ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta isa darasi cewa ba a girka na'urorin lantarki da tarin batira a kwari ko a kan hanyar ruwa.

Don haka muna kira ga gwamnatin tarayya da na jihohi da kada su ba da lasisin tashar caji sai mai ita ya bayyana tushen wutarsa, ya samar da taransifomarsa, ya kuma rattaba hannu cewa zai karɓi matattun batira ya miƙa su ga kamfanin da hukuma ta amince da shi. A haramta dogaro da janaretan dizal a tashoshin da ke cikin unguwanni, a kuma sauƙaƙa haraji ga masu amfani da hasken rana. Tashoshin ba su yi yawa ba tukuna, saboda haka yanzu ne gyaran yake da arha. Majalisun dokoki da hukumomin tsara birane su tashi tsaye kafin a cika garuruwanmu da su.