Zare: Wanda ya karanto lauya a waje, me ya fi buƙata idan ya dawo?

1/ Kullum musun ɗaya ne: wai waɗanda suka karanto lauya a Ingila sun samu a ɓagas, shekara 3 kawai, mu nan muna shan 5 har da yajin aiki. Ni ɗalibin shari'a ne, aji huɗu, kuma a ganina wannan musun ya bar jaki yana dukan taiki. Ku biyo ni 🧵

2/ Ga waɗanda ba 'yan fannin ba: ko daga ina ka kwaso digirinka, ba ka tsayawa gaban alƙali a Najeriya sai ka bi ta Law School, makarantar horas da lauyoyi da aka kafa da dokar 1962, hedikwatarta tana Bwari. Mu 'yan gida kai tsaye muke shiga Bar Part II. 'Yan waje sai sun fara cin Bar Part I.

3/ A Bar Part I ana koya musu tsarin shari'ar Najeriya, tsarin mulki, dokar laifuka da dokar filaye. Daidai ne. Wanda ya karanta dokar filaye ta Ingila bai san cewa tun 1978 filin jiha yana hannun gwamna a matsayin amana ba. Bai san Arewa da Penal Code take aiki, Kudu da Criminal Code ba.

4/ Amma fa duk huɗun nan "me doka ta ce" ne. Mai ƙwazo zai iya zama da littafi ya haddace. Abin da hadda ba ta bayarwa shi ne yadda kotun nan take tunani, da yadda ake rubuta mata takarda ta karɓa. Nan ne nake ganin ake barin su da halinsu.

5/ Misali. Ɗan Ingila ya san Donoghue da Stevenson kamar sunansa. Madalla. Sai dai tun 1963 muka daina kai ƙara Privy Council. Hukuncin kotun Ingila na yau shawara ce kawai a wurin alƙalinmu, ya ga dama ya ɗauka. Na Kotun Ƙolinmu kuwa dole ne a kansa ko ba ya so.

6/ To ka cika takardarka da hukunce-hukuncen Landan masu daɗin Turanci, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe da hukuncin Kotun Ƙoli guda ɗaya tak daga NWLR. Malam, an gama da kai.

7/ Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Okafor da Nweke, 2007. An sa hannu a takardun kotu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya. Kotun Ƙoli ta ce ofis ba lauya ba ne, sunansa ba ya cikin rajista, ta yi watsi da takardun. Daga baya a FBN da Maiwada ta sake jaddadawa.

8/ Ku duba fa, ba a ma kai ga wa ke da gaskiya ba. Layin sa hannu kawai. Kuma ba lauyan ne ke asara ba, mai ƙarar ne, wanda wataƙila gona ya sayar ya biya kuɗin aiki.

9/ Haka rubutun ɗaukaka ƙara. Tambayoyin da kake so kotu ta warware dole su fito daga dalilan ƙarar da ka shigar. Tambayar da ba ta da tushe a can, a shara za ta ƙare. Dalilin da ba ka ciro tambaya daga gare shi ba, an ɗauka ka yafe shi. Wannan sai an sa ka rubuta, an ja maka jan biro, ka sake.

10/ Akwai kuma bambancin yadda aka horar da ƙwaƙwalwa. A tsarin Faransa, wanda maƙwabtanmu na Nijar ke bi, daga sashen kundi ake farawa a gangaro kan matsala. Mai fiƙihu daga nassi yake farawa, sannan ƙiyasi. Mu kuma sai ka tono hukuncin baya, ka ware ainihin dalilin hukuncin daga maganar da alƙali ya yi a kan hanya, ka nuna shari'arka ta yi kama da waccan ko ta bambanta.

11/ (Gaskiya masu usulul fiƙhi suna da fifiko a nan. Neman illar hukunci ɗan uwan wannan aikin ne. A nuna musu gadar kawai.)

12/ Amurka ta gane haka. A New York, lauyan waje da ke bi ta digirin LL.M. don zana jarrabawarsu dole ya yi kiredit 24, aƙalla 2 daga ciki a binciken shari'a da rubutu. Sharaɗi ne, ba zaɓi ba.

13/ Abin da nake so a yi a Bar Part I: darasi na biyar, na tunani da rubutu zalla. Ƙananan rukuni. Duk mako a ba ka hukunci ɗaya ka taƙaita a shafi guda, a ba ka matsala ka rubuta shawara da tsarin IRAC: tambaya, doka, ɗora dokar kan abin da ya faru, matsaya. A duba, a dawo maka da ita.

14/ Na san za a ce ai Bar Part II na koyar da rubuta takardun kotu. Eh, amma a aji mai ɗaruruwan mutane, ido na kan jarrabawa, kuma an ɗauka ka riga ka saba karanta hukuncin Najeriya. Mu mun yi shekaru muna fama da su. Shi jiya ya sauka.

15/ Wani zai ce ku 'yan gidan ma kun iya rubutun ne? Ba duka ba wallahi 😅 Mu ma a ƙara mana. Amma wannan ba hujjar hana su ba ce.

16/ Idan kana waje yanzu kana karatu, kar ka jira Bwari. Nemi hukunce-hukuncen Kotun Ƙolinmu a intanet, ɗaya a mako, ka karanta daga farko har ƙarshe, har da na alƙalin da ya saɓa. In ka zo hutu, ka roƙi wani ofishin lauya a Kano ko Kaduna su bar ka ka zauna kusa da mai rubuta takardu, ko da ɗaukar fayil za ka riƙa yi.