Titin Kowa Ne, Don Me Sai Mai Kuɗi Zai Hau Keke Lafiya a Abuja?

Hawan keke cikin dare ya zama yayi a Abuja. Bayan isha'i sai ka ga samari da 'yan mata da ma'aikata sun taru a Wuse 2 ko Maitama ko bakin tafkin Jabi, kowa da hular kwano da riga mai ƙyalli da jar fitila a ƙarƙashin sirdi, su kama hanya a ayari. Wani taron kyauta ne. Wani kuwa sai ka biya kuɗin rajista, a ba ka riga da ruwan gora, a ce akwai motar rakiya gaba da baya. Ba ni da ja da motsa jiki, kuma gara matashi ya kwana da gajiyar feda da ya kwana a wurin shisha. Abin da ke ƙona mini rai shi ne dalilin da ya sa dole sai da dare, sai a ayari, sai an biya.

Za a ce zafin rana ne. To, har da shi. Amma babban dalili shi ne da rana mai keke ba shi da wuri a titin Abuja. Tun taswirar birnin ta 1979 mota aka yi wa shimfiɗa. Bi titin Shehu Shagari, bi titin Ahmadu Bello, bi hanyar filin jirgi ko ta Kubwa, ka nuna mini inda aka keɓe wa keke hanya da shinge. Direba na sheƙa gudu, in ya hango mai keke sai ya danna masa oda kamar ya ga akuya. Saboda haka abin da mai shirya taro yake sayarwa a zahiri shi ne tsaron rai na awa biyu, a kan kwaltar da aka zuba da kuɗin kowa.

To, wanda ba shi da kuɗin rajista fa? Ina nufin mai gadin da ke gangarowa daga Mpape da asuba, da mai kai wa masu shayi burodi, da leburan da ke tasowa daga Karmo ko Lugbe. Tun 2006 ministan Abuja na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya hana acaɓa a tsakiyar birnin. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 1,000 cikin shekara ɗaya da rabi, kuɗin mota ya bi ta. Wannan bawan Allah bai hau keke don rage tumbi ba, abinci ya fito nema. Ba motar rakiya, ba jiniya, ba mai ɗaukar hoto. In mota ta take shi, sai dai 'yan'uwansa su yi ta zagayen asibitoci suna cigiya.

Kuma ba yau hukuma ta san da matsalar ba. A 2001 marigayi Ojo Maduekwe yana ministan sufuri, yana ta kiran jama'a su koma keke, yana kan kekensa motar bas ta hankaɗa shi cikin kwalbati a nan Abuja. Mutane suka yi ta dariya. Minista sukutum titi ya kayar, amma ba wanda ya ce a gyara titin! An gina filin tseren keke a babban filin wasa na ƙasa don wasannin Afirka na 2003, daga baya aka mai da shi rumbun ajiye murhunan girki na kwangilar naira biliyan 9.2 ta zamanin Goodluck Jonathan. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai aron keke 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye ta yi daga Jamusawa. Duk 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya, manya kan fito su ɗan zaga cikin rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, a ɗauki hoto, kowa ya koma jif ɗinsa.

Su ma masu shirya taron ba zan ƙyale su ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya fitar da shi kan titi da dare ya ɗauki amanar ransa. Kowa ya san unguwannin da fitilun titi suka mutu, kowa ya san ɓarayi sun kwashe murafen ramukan kwalbati, kuma tayar keke in ta faɗa ramin nan, mai ita asibitin ƙashi ya nufa. Shin kun bi hanyar da rana kun duba ta? Akwai motar asibiti da ma'aikacin jinya a ciki, ko kuwa motar abokinku ce aka manna wa takarda? Akwai inshora? Wa ke tsayawa a baya ya jira wanda numfashinsa ya ƙare, a garin da ake fama da 'yan fashin wan-cans? Wanda ba shi da amsa, sai dai takardar da za a sa wa hannu cewa in an ji rauni ba ruwansa, to ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. A Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 1974 aka fara rufe tituna don masu keke da masu tafiya a ƙasa, yau sun wuce kilomita 100 duk Lahadi daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, ba a karɓar ko sisi. Kigali ta ƙasar Ruwanda ta fara nata a 2016.

Ya mai girma Ministan Abuja Nyesom Wike, tun 2023 kake buɗe tituna da gadojin sama. Ka ware wa keke hanya mai shinge daga Nyanya, Kubwa da Lugbe zuwa tsakiyar gari, ka kunna fitilun titi, ka rufe ramuka, ka ba jama'a safiyar Lahadi kyauta. Ku kuma masu hawan dare, kuna da ilimi da waya da hanyar shiga ofisoshi. Ku kai wannan kuka sakatariyar Abuja da ke Area 11, ku tafi da mai gadi da mai burodi a cikin ayarinku.