Bugun Ƙasa Ya Sanya Kwat

Mu a Yawuri ba za a yi mana burga da duba ba. Mun tashi mun ga mai bugun ƙasa yana ɗiga yatsa a rairayi, ya fitar da gidajensa 16, ya ce wa mai jirgi ya fita ko ya haƙura. Malamai suka yi ta wa'azi, 'yan boko suka yi ta dariya.

To yau ga 'ya'yan masu dariyar a TikTok suna jan katin tarot, wai ba duba suke yi ba, nazarin zuci ne. Kati 78 ne, asalinsa karta da manyan arewacin Italiya ke bugawa a ƙarni na 15. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka mayar da shi abin duba. Karta dai, irin wadda muke kora yara a kanta.

Wai katin madubi ne. Wane irin madubi ake garwayawa a ja da ka? Budurwar da ta yi wata uku tana kokwanton saurayinta ta san dalili sarai: sau biyu yana yi mata ƙarya. Ta ja katin Masoya, dalilin ya bi ruwa. Ta ja na Mutuwa, ta rabu da shi, ta ce kati ya nuna. Ko ta ina, ba ita ta yanke ba, kuma rayuwarta ce.

Tsohuwar da ke lallaɓawa wurin mai duba a Yelwa ko Wara, ita aƙalla ba ta taɓa ce mana nazari take zuwa yi ba.