Maɗoran Aliero Ba Sa Ɗora Laka

Mu masu rubuta manhaja ba ma sakin aiki ga jama'a sai mun gwada shi, sannan wani daban ya sake gwadawa. In ma kuskure ya kuɓuce mana, iyakarta waya ta daskare, gobe mu gyara. Amma solar da ke cajin kwamfutarmu a Jega idan an ɗauke wuta, wani yaro ne ya hau kwano da tsakar rana ya kafa ta. Eriyar da ke kawo mana intanet, wani yaro ne ya hau ƙarfe ya ɗaure ta. Shi kuskurensa ba ya jiran gobe. To wa ya gwada wanda ya koya masa hawa?

Babu kowa. Daga Jega zuwa Maiyama, duk wanda ya mallaki tsani da filaya ya zama oga, ya tara yara. Darasin farko shi ne "hau mana, tsoron me kake ji?" Babu ɗamarar tsaro, babu hular kwano, igiyar kuwa ta ɗaurin buhun albasa ce. Bara wani yaron unguwarmu ya zame daga rufin bene yana riƙe da faifan sola. Kafin magariba an kai shi Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori har a wajen jihar Kebbi. An ɗora ƙafa, ta kama. Amma bayansa ya taɓu, har yau a kwance yake. Ogansa ya zo dubiya sau biyu, ya ce tsautsayi ne, ya ɗauki wani yaron.

Bari mu leƙa inda hawa ma wasa ne. A Birtaniya, mai son koya wa mutane hawan dutse da igiya sai ya yi horon kwana 3 ƙarƙashin hukumar Mountain Training, ya je ya tara hawa da aikin koyarwa yana rubutawa a kundi, ya samu shaidar taimakon gaggawa, sannan ya dawo jarrabawar kwana 2 a jikin dutse. A Amurka ma tsarin ƙungiyar AMGA kusan haka yake, kuma shaidar tana mutuwa bayan shekara 3. Masu aikin igiya a dogayen gine-gine da rijiyoyin mai na cikin teku suna da ƙungiyar IRATA mai matakai 3. Ba ka tsallakawa mataki na gaba sai ka cika awa 1,000 na aiki da aƙalla shekara guda, kuma wanda ya koyar da kai ba shi zai jarraba ka ba. Abin lura shi ne abin da ake dubawa. Iya hawa kaɗai bai isa ba, ai biri ma ya iya. Ana duba ƙullinka, da inda ka maƙala igiya, da yadda za ka sauko da ɗalibin da ya firgita ko ya suma yana reto a sama.

Mun san abin da za a ce. Na farko, ogan ya shekara ashirin yana hawa bai taɓa faɗowa ba. Madalla. To me zai hana shi zuwa ya nuna? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma rashin faɗuwarka ba shaida ba ce cewa ka iya hana ɗan wani faɗuwa.

Na biyu, a ƙasar nan takarda sayen ta ake yi. Gaskiya ne, mun yi aiki da masu digirin kwamfuta da ba su iya rubuta layi goma ba. Shi ya sa ba jarrabawar biro muke nufi ba. A kafa ƙarfe a fili, a miƙa wa mutum igiya, a yi masa tambaya da Hausa, jama'a na kallo. Ƙulli ba ya karɓar cin hanci, ko ya riƙe ko ya kwance.

Na uku, in kwana ya ƙare ya ƙare. Ba mu musa ba. Amma mu ne dai masu cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya tura ɗan mutane sama ba igiya, sannan ya fake da ƙaddara, ya kamata ya ji kunya.

Na huɗu, kuɗi. Ku tambayi mahaifin yaron nan abin da ya kashe tsakanin mota da magani da jinya, ku kwatanta da kuɗin ɗamara guda.

Ba sabuwar hukuma muke nema ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta daɗe tana yin gwajin sana'a mai aji uku. Hukumar NBTE tana da tsarin tantance gwanintar da aka koya a wajen makaranta. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da aka kafa a 2006, tana da fili da injiniyoyi. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin masu gyaran wuta da masu kafa sola na waɗannan ƙananan hukumomi uku su tsayar da doka guda: ba mai ɗaukar yaro aikin sama sai ya ci gwajin hannu, kuma ya sabunta duk shekara 3. Rijistar da kowa zai duba ta waya kuwa, wannan namu ne, za mu rubuta ta kyauta.

Kafin nan, laifin har da mu masu ba da aiki. Mukan yi ciniki kan naira ɗari biyar, amma ba mu taɓa cewa "ina igiyar yaronka?" ba. Daga yau mu riƙa tambaya kafin a jingina tsani a bangonmu. In babu, a sauko, mu kwana a duhu.