Fitilar gora a Jos: ƙaramin aikin da bai kamata ya zama kwangila ba

A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya riƙa samar da lantarki daga ruwan Kurra domin masu haƙar kuza a Filato, a lokacin da akasarin garuruwan ƙasar nan ba su san ƙwan lantarki ba. Kusan shekara ɗari bayan haka, a watan Oktoban 2024, Jos na cikin biranen Arewa da suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu tangarɗa. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, fetur ɗin janareta kuwa tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama sai wane da wane.

A irin wannan hali ne ya dace hukumomin tarayya su dubi wata dabara da wani makanike, Alfredo Moser, ya ƙirƙiro a garin Uberaba na Brazil a 2002, sa'ad da su ma suke fama da ɗauke wuta. Ana cika gorar roba da ruwa, a zuba bilic kaɗan don kada gansakuka ta fito, a huda kwanon rufi a soka ta, rabi a waje rabi a ɗaki, a liƙe gefen da danƙo. Ruwan sai ya watsa hasken rana ko'ina cikin ɗakin, kwatankwacin ƙwai mai wat 40 zuwa 60. A 2011 Illac Diaz ya yaɗa ta a Filifin da sunan Liter of Light, daga baya aka ƙara ƙaramin faifan sola da batir da ƙwan LED, gorar ta zama gidan fitilar dare.

Sai dai Jos tana da nata yanayi. Fitilar rana ba ta aiki a ɗaki mai silin, kuma sanyin garin ya sa gidaje da yawa suna da shi. Damina a nan mai ƙarfi ce, wani lokaci har da ƙanƙara. Wanda ya huda kwanon talaka bai liƙe da kyau ba, ya bar masa yoyo, kuma unguwa ɗaya ba za ta yarda a yi mata haka sau biyu ba. Wurin da za ta yi amfani shi ne kicin, makewayi, rumfunan kasuwa da ɗakunan da suka cushe a Gangare ko Unguwar Rogo, inda taga ke kallon bangon maƙwabci.

Ta daren ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma ke buƙatar hannun gwamnati. Lungu mai haske ya fi aminci ga mace mai zuwa ɗiban ruwa da asuba, haka ma ga iyalan da rikici ya raba da gidajensu a Mangu da Bokkos. Haɗa ta ba ya wuce sanin liƙa waya da dalma, abin da matashi zai koya cikin 'yan kwanaki. Hedikwatar asusun horar da ma'aikata na ITF tana cikin Jos tun tuni, ga Jami'ar Jos, ga masu yi wa ƙasa hidima da ke da ranar aikin raya al'umma a kowane mako, wadda sau da yawa ke ƙarewa a sa hannu a rajista. Abin da ya rage shi ne takarda ɗaya daga Abuja da za ta haɗa su, da kuɗin faifai da batir. Hukumar REA, da ke aiwatar da shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2023, ba za ta rasa wannan ba.

Hadiman da ke rubuta takardun ayyukan mazaɓu sun fi kowa sanin yadda fitilun sola na kan titi suka ƙare a garuruwa da dama: an kafa, an ɗauki hoto, batir ya mutu, babu mai gyara. Idan fitilar gora ta bi ta hannun ɗan kwangila, makomarta ke nan, kuma a farashin da zai kashe hikimar yin ta. Amfaninta yana ga cewa wanda ya haɗa ta ɗan unguwa ne, ana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ranar da ta mutu. Don haka kowane tsari ya faɗi tun farko inda za a samu batir na canji, da inda za a kai matattun, kada su ƙare a kwata ko hannun yara.

Kada kuma wani ya saka ta cikin rahoton nasarorin samar da lantarki. Ba ta tayar da injin niƙa, ba ta sanyaya allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Wannan nauyi yana nan a wuyan kamfanin rarraba wuta na Jos, da TCN, da gwamnatin Filato, wadda dokar lantarki ta 2023 ta ba ta damar tsara kasuwar wutarta da kanta.