Raddi ga Masu Auna Sama da Takun Rumawa Har Zuwa Lamba ta Ƙarshe

Akwai masu cewa tunda na'urar lissafi tana iya juya nisan rana zuwa mil na Rumawa, ta fitar da lambobi tara a jere, to duk lambobin nan gaskiya ne. Wasunsu ma sukan ƙara da cewa mutanen zamanin da sun riga mu sanin nisan wata. Juya ma'aunin ba laifi ba ne, yana ma taimaka wa mai karanta littattafan tarihi. Abin da nake musu shi ne yawan yaƙinin da suke ɗora wa sakamakon.

Hujjarsu ta farko ita ce ma'auni ma'auni ne, kowanne ana iya maye gurbinsa da ɗan'uwansa. Amma ma'aunan biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Ma'aunin nisan rana da ƙasa an yanke shi da yarjejeniya: Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta tsayar da shi a taronta na Beijing a 2012 a kan mita 149,597,870,700 daidai. Mil na Rumawa kuwa taku dubu ne, kowane taku ƙafa biyar, kuma tsawon ƙafar ba a rubuce ya iso mana da mita ba. Masana sun tattaro shi ne daga sandunan awo da aka tono, da gine-gine, da zanen ƙafa a jikin duwatsun kaburbura, suka samu wajen milimita 295 zuwa 297. Milimita biyu kamar ba komai ba ne, amma a kan ƙafa 295 nisan rana ya haura mil miliyan 101.4, a kan 297 kuma ya sauko miliyan 100.7. Tazarar ta kai mil 680,000, wato fiye da zuwa wata da dawowa. Wanda ya rubuta lambobi tara alhali ta uku ma tana rawa, ƙawa ya yi wa takardarsa.

Ta biyu, suna cewa daular Rum ta daidaita awonta daga gabas har yamma. Tarihi bai goyi bayansu ba. A yankin Jamus ana aiki da wata ƙafa mai suna ta Durusus, wadda ta kai kusan milimita 333. A ƙasar Gal, Faransa ta yau, duwatsun kan hanya da yawa suna ƙidaya da lewuga, mil ɗaya da rabi. Sai an faɗi wace ƙafa ake nufi kafin lissafin ya zama magana.

Hujjar da suka fi taƙama da ita a kan batun wata ita ce ta wani masanin zamanin da mai suna Fosidoniyus. Marubucin Rumawa Filini Babba, a littafi na biyu na tarihin halittunsa, ya ruwaito daga gare shi cewa nisan wata sitadiya miliyan biyu ne. Idan aka ɗauki sitadiyar Rumawa ta ƙafa 625, wato kimanin mita 185, za a samu kilomita 370,000, kusa ƙwarai da 384,400 da aka sani yau. Na yarda abin ya burge. Sai dai Fosidoniyus Bagirke ne, kuma sitadiyar Girkawa ba ɗaya ba ce; a kan ta mita 157.5 da wasu ke jingina wa masani Eratostenis, lissafin ya faɗo zuwa kilomita 315,000. Kuma a jumla guda ya ce daga wata zuwa rana sitadiya miliyan ɗari biyar ne, abin da bai kai kashi biyu cikin uku na nisan gaskiya ba. Ba adalci ba ne a ɗaga lambar da ta dace a ɓoye 'yar'uwarta.

Za a ce to a daina juyawar gaba ɗaya. A'a. A rubuta cewa rana tana nesa da mu wajen mil miliyan 101 na Rumawa, wata kuma wajen mil 260,000, a bayyana cewa an ɗauki ƙafa a kan milimita 296. Iyakar abin da duwatsu da sandunan tagulla suka ba mu ke nan.