Filin Gwanaye: Kemboi, Mai Rawa Bayan Tsere

A wannan makon mun leƙa ƙasar Kenya, wajen wani tseren da ba kasafai muke ganinsa a wasannin makarantunmu ba. Tsere ne na mita 3,000, amma ba gudu zalla ba ne. Sai ɗan tsere ya tsallake shinge sau 28, ya kuma tsallake ramin ruwa sau 7. Tsayin shingen maza ya haura santimita 91, kuma katako ne mai nauyi. In ka yi karo da shi ba ya faɗuwa, kai ne za ka sha ƙasa.

Gwanin namu shi ne Ezekiel Kemboi, wanda aka haifa a 1982 a yankin Marakwet. Abin da zai ba ku mamaki, yana sakandare ƙwallon ƙafa ya fi ɗauke masa hankali. Sai da ya gama makaranta ya rungumi gudu gadan-gadan.

A 2004 ya ci lambar zinare a wasannin Olamfik na Atens, yana ɗan shekara 22. Sai dai gasar cin kofin duniya ta daɗe tana ja masa rai. A 2003 ya zo na biyu, a 2005 ya sake zuwa na biyu, duka biyun a bayan Saif Saaeed Shaheen, haifaffen Kenya da ya koma yi wa Ƙatar gudu. A 2007 ma azurfar ce dai. Ga kuma Olamfik na 2008, inda ya ƙare a na bakwai. Ku tuna yadda mutum yake ji in ya zo na biyu a aji zango uku a jere, sannan a na huɗu ya zame can ƙasa.

Daga 2009 ne fa abin ya juya. Ya lashe gasar duniya a Balin, ya maimaita a 2011, 2013 da 2015, sau huɗu ba fashi. A tsakani ya ƙara zinaren Olamfik a Landan a 2012.

Amma a ganinmu ba lambobin kaɗai suka sa ake tuna shi ba, don Kenya ta yi zakarun wannan tsere da yawa. Kemboi ɗan wasa ne na gaske. In ya ga ya tsere wa kowa, sai ya karkata zuwa layukan waje ya ƙarasa a can, sannan ya kama tiƙar rawa a gaban dubban 'yan kallo. A Landan har musayar riga ya yi da Bafaranshen da ya zo na biyu, Mahiedine Mekhissi, ya kuma ɗare jikinsa kamar ƙaramin yaro.

Ƙarshen lamarin bai zo masa da daɗi ba. A Olamfik na Riyo a 2016 ya zo na uku, har ya sanar cewa ya yi ritaya. Sai Faransa ta kai ƙara cewa ya taka wajen layi bayan ya tsallake ruwa. Alƙalai suka duba bidiyo, suka ƙwace tagullar suka miƙa wa wanda ya zo na huɗu. Wane ne shi? Mekhissi ɗin nan dai da suka yi musayar riga. Kemboi ya fasa ritayar, ya dawo gasar duniya ta 2017 a Landan, ya ƙare a na 11.